Layi a Wuyan Zuhura

"Ja shi sosai," in ji Agali daga kan gado. "Daga wanga gefe na wuya zuwa wancan."

Abarci ya ja layin. Akuyar da ke kan takarda ta rabu da kanta, ya ajiye ta ƙasa, ya ɗauko raƙumi.

Shi mai saida igiya ne a kasuwar bisashe ta Dakoro, bai taɓa riƙe alƙalamin zane ba. Maƙwabtaka ce ta ja mishi. Agali mai zanen littattafan yara ne, shekara da shekaru yana zuwa rumfar Abarci da kireyon, fensir ɗinshi na zane, ya zauna ya ƙura wa bisashe ido kamar dillali. In ya koma gida ya ɗora takarda a jikin taga ya kwafe, ya bi da tawada, sannan ya dama launi a marfin kwalabe. Yanzu ciwo ya shanye mishi hannun dama, asibitin Maraɗi sun ce a koma da shi gida. Tun ranar wani tsoro ya kama shi, cewa gobe kiyama za a ce ya hura wa duk abin da ya zana rai. Ya ji ana cewa in an yanke wuyan hoto da layi, ya tashi daga mai rai.

"Agali, wanga aiki hwa masu buga littafin a Yamai suke jira."

"Su jira. Ni ma ana jirana."

Ɗakin ya yi zafi, ƙofa a rufe don haske na damun mara lafiya, ƙamshin tawada ya gauraye da na magani. Abarci ya yanke raƙumi, ya yanke jaki, ya yanke wata tsohuwa mai ƙwaryar nono a ka. Hannunshi na sauri, amma ya san abin da ke ƙasan tarin takardun.

Zuhura ce, ɗiyar Abarci. Zazzaɓi ya ɗauke ta bara da damina, ba ta ko shiga lakwal ta fara boko ba. Ba su da hotonta ko ɗaya. Agali ne ya sa ta a littafin, tana jan ɗan akuya da igiya, da wushiryarta da kitson da ya karkace. Uwarta takan aiko a aro takardar ta duba, ta maido.

"Ka gama?"

"Saura guda."

"Na san ta." Agali ya yi ta numfashi kafin ya samu magana. "Ita na hi so, ita na hi tsoro. Ta yi kama da mai rai, Abarci."

"Ka bar min ita. In kai ta gidana, ba ta ɗakinka."

"Hannuna ne dai ya yi ta. Ka yi haƙuri, don Allah."

Haushi ya kama Abarci, haushin mutumin da ba shi da halin yi wa faɗa. Ya yi tunanin ya ce ya ja, ai Agali ba ya iya ɗaga kai ya duba. Amma yi wa mai barin duniya ƙarya? Ya yi tunanin matarshi, da ranar da za ta aiko aro. Ya tsoma alƙalami a tawada, ya ɗora bakinshi a gefen wuyan yarinyar. Hannun ya ƙi gaba, ya ƙi baya.

Bai san tsawon zaman da ya yi a haka ba, sai da Mata, ƙanwar Agali, ta turo ƙofa da kwanon kunu. Ta kira yayanta bai amsa ba. Ta ajiye kwanon a hankali, ta yi salati, ta rufe mishi ido.

Abarci bai tashi ba. Bakin alƙalamin na nan inda ya ɗora shi, tawada ta taru ta yi ɗigo ɗaya ƙasan kunnen Zuhura, takarda na shanye ta a hankali.