Ƙanƙarar da Umma Ta Aika a Ɗebo

Umma ce ta aike shi, don haka kada wanda ya ɗora wa Talal laifi a gabana.

Tun da ciwo ya kwantar da ita a gidanmu na unguwar Shisha, magana ɗaya take maimaitawa. A addu'ar da ake yi wa mamaci ana roƙon Allah Ya wanke shi da ruwa da ƙanƙara. Umma ta ce ita nata ba zai tsaya a fatar baki ba, so take a zuba mata ƙanƙarar sama ta gaske a ruwan wankanta na ƙarshe.

Na ce, "Umma, a Makka? Ga firji nan cike da ita."

Ta harare ni. "Ke Kabira, ta firji ta mutum ce. Ta Allah nake so."

Ran nan cikin hunturu aka wayi gari hotuna sun cika wayoyi: dutsen Hada, na kan hanyar Ɗa'ifa, ya yi fari fat. Umma ta sa aka kira mata autanta. Talal ya ɗauki kular da muke fita da ita shan iska, ya sumbaci goshinta, ya nufi mota. Har tsiya na yi masa, na ce ga haifaffen Makka zai tafi farautar ƙanƙara da silifa. Dariya ya yi ya wuce.

Da hantsi Umma ta cika, kanta a cinyata.

Ina neman lambarsa sai ga kiransa. "Yaya Kabira, kular ta cika har baki! Ki gaya wa Umma." Na gaya masa abin da ya faru. Can ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Kada ku wanke ta. Wallahi kada ku wanke ta, ina cikin ɗariƙ, ina kan hanya, ina zuwa."

Bai zo ba. Ya fara gangarowa ke nan wani hadarin ya sake saki, 'yan sandan hanya suka rufe dutsen sama da ƙasa. Talal na tsakiya, motoci gaba, motoci baya.

Makka ta san ambaliya. In ruwa ya sauka za ka ga tankoki da injinan zuƙa a bakin kowane rami kafin ka ɗaura ɗankwali. Ƙanƙara kuwa baƙuwa ce. Talal ya turo mini bidiyo: katafila biyu na tura ta gefe haɗe da duwatsun da suka gangaro, ma'aikata na binsu da shebur. Inda suka share sai ya zama gilashi. Ya tambayi wani jami'i yaushe za a buɗe, aka ce masa sai ta narke, sai an duba kwane-kwanen hanyar ɗaya bayan ɗaya. Wato hukuma guda, da motocinta da jiniyarta, rana take jira.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ban ga laifinsu ba. Na san hanyar nan, kwana bisa kwana, gefe guda rami wanda ba a hango ƙasansa. Na so in sami wanda zan zaga, na rasa. Sai na huce kan masu fitowa daga motocinsu suna ɗaukar hoto a bayan ƙanena, suna jifan juna da ƙanƙara kamar ranar salla.

Kawu Wada, ƙanin Umma, shi ke riƙe da zancen jana'iza. An sa za a sallace ta a Harami da azahar. Na roƙe shi har da kuka, ya ɗaga zuwa la'asar. Da azahar ta wuce ya leƙo ɗakin mata.

"Kabira, ku tashi a yi wanka."

"Kawu, don Allah. Wasiyyarta ce."

"Na sani, 'yata. A gabana ta faɗa." Idonsa ja wur. "Amma ba a ajiye gawa don jiran mai rai. Motar asibiti na waje. Khalas, magana ta ƙare."

Na sake kiran Talal. Ya ce ya roƙi jami'in ya bar shi ya gangaro da ƙafa da kular a ka, mutumin ya dafa kafaɗarsa ya yi masa ta'aziyya, ya ce shi ko tasa uwar ce ba zai bari a sauka ba. Ina jin ƙarar katafila ta wayar.

Kafin mu fita zuwa wurin wankan na shiga kicin na buɗe firji. Na ɗebo ƙanƙara a kwano, na tsaya riƙe da ita har yatsuna suka sandare. Wa zai sani? Sai na ji muryarta, ta mutum ce. Na mayar na rufe. Da ruwa da ganyen magarya da kafur muka wanke ta, kamar kowa. Ni na ɗaure likkafanin da hannuna.

Gab da magariba rana ta gama aikinta, aka buɗe hanya. Lokacin maza sun dawo daga maƙabarta, ana ta shiga da fita da gaisuwa. Talal ya ratsa su bai kula kowa ba, ƙafafunsa duk taɓo, rungume da kular a ƙirji. Ya ajiye ta a gabana ya durƙusa ya buɗe.

Ruwa ne, sai 'yan ƙwayoyi kamar shinkafa suna yawo a sama.

"Yaya," ya ce, "duba, da saura. Ina zan kai mata?"

Na sa hannu na tsamo guda ɗaya. Kafin in sami abin da zan ce masa ta narke a tafina.