Awon Hannun Auta

Wata biyu bayan rasuwar 'yata Auta na ɗauki gwangwanin duwatsunta na kai wa matan ƙungiyarsu. Ba ni da abin yi da shi. Yana ƙarƙashin gado, duk sanda na zo shara sai tsintsiya ta buge shi.

Ɗakin nasu yana saman wani shagon gyaran waya. Dogon tebur guda, kujerun roba, da fanka mai kuka. Nan suke haɗuwa ranar Asabar suna shirya awarwaro da sarƙa na duwatsun ado. In an sayar, sai a kai taimako wata ƙasa, wurin marayu da matan da mazansu suka mutu. Mutum uku ko huɗu ke tafiya duk shekara. Auta ta so zuwa, ciwo bai bar ta ba. Amma ko a kwance tana shiryawa, da faranti a kan cinyarta.

Suka yi min gaisuwa, na amsa. Shugabarsu ta buɗe gwangwanin ta juye a tebur. Awarwaro ne da yawa, an gama su, har da maƙalinsu.

Wata mai jiki da suke kira Tela ta ɗauki ɗaya ta ɗora a hannu. Bai zagayo ba.

"Ke dama wannan hannun naki kamar taɓarya," in ji wata siririya, tsohuwar nas. "Miƙo nan ki ga yadda ake sa abin ado."

"Sa mu gani, sillen kara."

Nas ta ɗora. Ita ma bai haɗu ba, saura wajen yatsa biyu. Ta gwada wani, ta gwada wani. Dariyar ta tsaya.

Shugaba ta ce min, "Mama, Auta ba ta awo da tef. A hannunta take aunawa. Mun yi faɗan har mun gaji."

Na gane. Ni nake mata wanka a watannin ƙarshe, na san yadda hannun ya rame. Ita ce dai ba ta lura ba, ko ta lura ta yi shiru.

"Babu babbar macen da zai shiga hannunta," in ji Shugaba, ba ta kalle ni ba. "Sai dai a warware a sake."

Na ce to. Ban ji komai ba. Na ce dai a ba ni almakashi, in za a yanka ni zan yanka.

Na datse zaren na tara hannu, ina jiran duwatsu su zubo. Ko ɗaya bai motsa ba. Ashe bayan kowane dutse sai ta yi ƙulli.

"Haka take yi," in ji Tela. "Wai ko ya tsinke a hannun mai shi, kar ya watse. Shi ya sa muna gama biyar tana kan ɗaya."

Aka ba ni allura. Ina tsinke ƙulli, dutse ya faɗa faranti, in koma na gaba. Ƙullin ƙanana ne, a matse. Ban san inda ta samu ƙarfin ja ba, yarinyar da kofi ke gagararta ɗauka. Su suna ta aikinsu. Har rana ta bar taga, awarwaro ɗaya kawai na gama warwarewa. Na miƙa hannu zan ɗauki na biyu, Nas ta dafe shi.

"Mama, ya isa. Ni zan tafi da su. Akwai yara a can."

Shugaba ta ce, "Kin san ba ma kai kayan ado. Magani da littattafai ne, kuma jakar da nauyinta."

"Zan rage takalma."

"Rage kayan shafe-shafenki dai," in ji Tela. "Ba su gyara komai ba shekara da shekaru."

Shugaba ta ture su gaban Nas. Ni kuma na tattara duwatsun wanda na warware, na sa a aljihun jaka, na sauko.

Bayan sun dawo daga tafiyar Nas ta zo har gida. Ta zauna bakin gado ta buɗe wayarta. Hoton hannun wata yarinya ne a kan teburin makaranta, da tawada a yatsunta. A hannun akwai awarwaro mai duwatsu kore da fari. Na san shi, a asibiti ta yi shi.

Na ce shekarunta nawa.

"Tara."

"Ya yi mata daidai?"

"Cif."

Na daɗe ina kallo har wayar ta yi duhu. Nas ta taɓa ta, hasken ya dawo. Na ce ta bar shi haka, na gani. Na tashi na kawo mata ruwa.