Ƙotar da Ta Faɗi Jarrabawa

Shekara arba'in Sjoerd Hoekstra ya yi yana duba lafiyar gadoji a lardin Friesland. Da ya yi ritaya ya sayi firinta irin mai narka zaren roba ta ƙera abu, sai duk tsanantawar nan ta koma kan zare. Mutumin da ko kujera ba ya zama sai ya jijjiga ta!

Matarsa Aukje kuwa amosanin gaɓɓai ya karkatar mata da yatsu, har wuƙar feraye dankali ta gagare ta riƙewa. 'Yarsu ta ce daga watan gobe za ta sa a riƙa kawo musu dafaffen abinci. Aukje ta shige banɗaki ta sha kuka, don a wurinta ranar da aka raba ta da kicin an gama da ita.

Sjoerd ya ce, "Ba ni sati biyu, zan yi wa wuƙar nan ƙota mai kauri."

Ya sayo zare kala biyar, kowanne ya ƙera ƙota da shi, ya cusa wuƙa. Sai jarrabawa. Ya rataya musu bokitin yashi, ya jefo su daga saman bene, ya kwanar da su a firiza. Baƙin zare mai tsada ko gezau. Rawayan nan mai araha kuwa tun farko ya raina shi, wai da gani ba zai jure zafi ba.

Ya kawo mata baƙar ƙota yana washe baki. Ta riƙe, ta sulluɓe. Ta sake riƙewa, ta faɗi ƙasa.

"Kilo talatin fa ta ɗauka," in ji shi.

"To ka kai ta ta tallafi gada, tsoho. Ni dankali nake so."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma da yake ba ya barin aiki rabi, ya zuba duka biyar ɗin a injin wanke kwanuka, gwajin ƙarshe. Injin na tsayawa Aukje ta buɗe, tururi ya bugi fuskarta, ga wuƙaƙe zube cikin kofunanta na baƙi. Ta cafki mai rawayar ƙota, ta yi laushi tuɓus kamar ƙullin burodi, ta nufi ɗakin aikinsa.

"Kai Sjoerd! Kofunan babata ka mayar wurin gwaji?"

Ta damƙe ta gam tana faɗa. Ta tono na jiya, ta tono na bara, har da injin yankan ciyawar da ya kwance bai haɗa ba. Shi dai idonsa na kan hannunta.

"Na faɗa miki zafi zai narka ta. Kawo in jefar."

Ta buɗe hannu. Robar ta huce ta sandare, ga gurbin yatsunta huɗu a jiki, kowanne da karkatarsa. Ta mayar da hannun, ya zauna daram.

"Ai ta faɗi jarrabawa," ya ce a hankali.

"Miƙo min dankali, malam injiniya."

Ɓawo ya fara sauka, siriri, bai tsinke ba. Tana fere tana dariya, hawaye na ɗiga a kwano. Ta fere goma sha ɗaya, alhali su biyu ne rak a gidan. Sjoerd bai ce mata ya isa ba. Ya share ido da hannun riga, ya je ya jawo sauran buhun dankalin.