Bijiman Gonar Gwamnati

Muntaka Indabawa ya shigo Inugu ne a cikin taragon shanu, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, da niyyar ya yi wata biyu ya koma Kano. Shekara goma sha biyar bayan nan yana nan. Dillali ne a karar shanu ta bayan tashar jirgi, yana da mata, Ma'u, da 'ya'ya huɗu masu jin Ibo fiye da shi, da kuma hannun dama wanda duk mahautan garin suka yarda da shi. In ya ɗora hannun nan a gindin wutsiyar sa, ya matsa tozo, ya shafa haƙarƙari, zai gaya maka yawan nama da yawan kitsen da ke ciki, kuma in an kai kwata an feɗe, haka za a tarar. Har daga Anacha da Fatakwal mahauta kan aiko a ce Muntaka ya taɓa musu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Muntaka bai taɓa sanin wata dabba fiye da kwana uku ba. A cikin birni aka haife shi, a gidan mahauta. Saniya takan sauka daga tarago ran Alhamis, ran Asabar tana kan tebur. Yadda take zuwa duniya kuwa, ya ji dai ana faɗa.

Shekara guda bayan samun mulkin kai, ana dab da faɗuwar damina, wata Landiroba ta tsaya a bakin kara. Wani saurayi ya fito da gajeren wando da doguwar safa, da littafi a hammata, da tef irin na tela a rataye a wuya. Sunansa Mista Ezeani, malamin gona. A Zariya ya yi karatu, ya dawo da Hausa mai tsabta wadda ba a yin ciniki da ita. Ya gaida Gimba, Sarkin Kara, ya ce gwamnati ta buɗe gonar kiwo can kan tudu inda ƙudan tsando bai yi yawa ba, an zuba karsana arba'in da biyar, saura bijimai uku na barbara. Yana neman wanda ya fi kowa sanin sa.

Gimba bai ko juya ba, ya nuna Muntaka da sanda.

"Malam, za ka iya zaɓa mana bijiman da za su ba da iri mai kyau?" in ji Ezeani.

"Ai aikinmu ke nan," in ji Muntaka.

Aka tsayar da ran Alhamis, ranar da taragu huɗu za su sauka. Landiroba ta tafi. Muntaka ya tsaya yana duban hannunsa na dama, ciki da baya, kamar yau aka ba shi.

Da yamma ya koma gida ya zauna a tabarma bai taɓa kunun da aka ajiye masa ba. Ma'u ta tambaye shi lafiya, ya gaya mata, da murya ƙasa-ƙasa, don a ɗaya gefen tsakar gidan surukarsa na zaune tana tsince wake.

Inna Ramlatu Bafulatana ce daga ƙasar Adamawa. A ruga ta girma, a ruga ta yi aure, har ciwon bushiya ya share garken mijinta, mijin ma bai daɗe ba ya bi su. Shekara tara ke nan tana zaune wurin 'yarta, kullum da hantsi tana kafa tukunyar tuwo a bakin kara tana sayar wa mahauta da dillalai. Tsakaninta da Muntaka kuwa sai gaisuwa. Yakan durƙusa ya sunkuyar da kai ya tambayi kwananta, ita kuma ta amsa tana duban bango. Ba ta taɓa kama sunansa ba.

Inna ta zubar da wani wake mai ƙwari, ta ce wa 'yarta, "Ma'u, ki tambayi baban Safiyatu, shanun nan nawa ne matan?"

Taku takwas ne tsakaninsu. Ma'u ta juya ta ce, "Malam, wai nawa ne matan?"

"Ki ce wa Inna arba'in da biyar."

"Inna, wai arba'in da biyar."

"Na ji. Ki ce masa ya sa hannunsa a aljihu. Wanda za a yanka ake taɓawa. Wanda zai hau, tafiyarsa ake kallo."

Haka aka yi ta yi har aka kira magariba, magana tana tashi daga bakin Inna ta sauka wurin Ma'u ta ƙarasa wurin Muntaka, wanda ya riga ya ji. A sa bijimi ya yi tafiya, a tsaya a bayansa, a ga ko ƙafafun baya a miƙe suke, don a kansu zai tsaya ya yi aikinsa. A duba kofato. A buɗe baki a ga haƙora, kada ya zama tsoho. Mai ƙiba a bar wa mahauta, ba ya son wahala. Mai faɗa da mutane 'ya'yansa ma za su yi. A durƙusa a duba ƙasansa, su zama biyu, daidai wa daida. Wannan na ƙarshe Ma'u ta ƙi maimaitawa, ta ce wa mijinta, "Ka dai ji."

"Sannan ya tambayi uwarsa," in ji Inna.

Muntaka ya manta da kansa ya ɗaga kai. "Uwar wa?"

Inna ta dubi bango. "Ma'u, ki ce masa uwar bijimin."

Ran Alhamis aka sauke shanu tun da sassafe, ɗari da wani abu, sun kwana uku a tarago, suna layi kamar waɗanda suka sha wani abu. Mista Ezeani ya iso da tef ɗinsa da akawu mai riƙe masa littafi. Kafin Muntaka ya gama gaisawa da mutane, malamin gona ya riga ya samo abin da yake so: wani farin sa ƙato, tozonsa ya kai kafaɗar mutum, fatarsa tana sheƙi, yana tsaye shiru kamar alƙali. Ezeani ya zagaya ƙirjinsa da tef, ya auna tsawon baya, ya duba littafi, ya sake aunawa.

"Malam Muntaka, wannan ya wuce abin da littafi ya nema da inci bakwai. Ina gani mun sami na farko."

Hannun Muntaka ya fito daga aljihu da kansa. Ya sauka a gindin wutsiya, ya nutse cikin kitse mai laushi. A shekara goma sha biyar bai taɓa nama irin wannan ba. Har ya buɗe baki zai sa albarka, sai ya ji ƙarar ludayi a jikin tukunya daga bakin kara, sau ɗaya. Ya tattara rigarsa ya durƙusa ya leƙa ƙasan san. Ya daɗe yana leƙe.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "littafin nan ya yi maganar nan wajen?"

Ezeani ya miƙa wa akawu tef, ya durƙusa kusa da shi. Shi ma ya leƙa. An dandaƙe san tun yana maraƙi, shi ya sa ya sami lokacin yin ƙiba.

"Akwai babi a kansa," in ji Ezeani. "Na goma sha ɗaya ne. Muna na uku."

Ya miƙe ya kaɗe gwiwa. Mahautan da suka taru kowa ya sami abin dubawa a sama. Wani mahauci mai suna Idi ya sayi san nan take, kafin wani ya riga shi.

Daga nan aka bi yadda Muntaka ya ce. Aka ware bijimai goma sha ɗaya, aka riƙa kora su ɗaya bayan ɗaya daga rijiya zuwa bishiyar mangwaro, Muntaka yana bin bayansu a sunkuye, hannuwansa biyu a aljihu. Mutanen kara ba su taɓa ganin ana sayen sa ta baya ba, suka bar cinikinsu suka zo kallo. Ya fitar da mai ɗingishi, ya fitar da wanda haƙoransa suka cinye, ya fitar da wani baƙi da ya kai wa akawu tunkuyi. Na farko da ya tsayar fari ne matsakaici, ba a ji ludayi ba. Na biyu wani kyakkyawa ne mai faɗin baya, cinyoyi cike. Ludayi ya yi ƙara. Muntaka ya yi kamar bai ji ba. A ransa ya ce ko ba komai a bar masa guda ɗaya ya zaɓa da kansa, shi ma ai ba jiya ya fara ganin sa ba.

Wajen na uku ne ya rasa yadda zai yi. Ya saci kallon bakin kara. Inna tana zuba wa wani miya, fuskarta a tukunya, amma ludayin yana nuna can ƙarshen shinge, inda wani jan bijimi ramamme mai karyayyen ƙaho yake ta shinshina shanu mata, alhali 'yan'uwansa duk sun kwanta don gajiya.

"Wancan," in ji Muntaka.

Ezeani ya dube shi, ya dubi bijimin. "Malam, ina ƙirga haƙarƙarinsa daga nan."

"Tafiya ce ta ci shi, ranka ya daɗe. Ciyawa za ta mayar. Wa ya san uwarsa?"

Aka yi dariya. Ba a taɓa tambayar uwar wani a karar nan ba sai da zagi. Amma wani dogon makiyayi mai suna Hammadu, wanda ya rako shanun tun daga ƙasarsu, ya taso daga inda yake tsugune ya ce shi ya sani. A garken wansa take. Tara ta haifa, ba wanda ya mutu, ba a taɓa ja mata ɗa ba, kuma shekarar da ciwon sammore ya shiga garken ita ko kwanciya ba ta yi ba. Ya faɗi sunanta, ya faɗi na uwarta, ya faɗi rafin da aka haifi jan bijimin da yadda ya karya ƙahon. Ya ce don dole aka sayar da shi, shi kuma tun daga hanya yake rasa barci don ya san inda shanun tarago suke ƙarewa. Da ya kai nan sai ya juya yana gyara rawaninsa.

Akawu ya tambaya ko ya rubuta sunan uwar. Ezeani ya duba takardar, babu gurbin uwa. Ya ce a rubuta a gefe.

Aka ɗora bijimai uku a babbar mota. Hammadu ya tsaya a bakin hanya har ta ɓace.

Wata goma sha ɗaya ba a ji komai ba. Ran nan Landiroba ta dawo, babbar mota na biye da ita, a cikinta kyakkyawan nan mai faɗin baya, ya ƙara ƙiba har wuyansa ya ɓace. Ezeani ya ce tun da aka kai shi ya sami wata inuwa ya kwanta. In karsana ta zo kusa sai ya matsa mata. Sauran biyun kuwa, maruƙa talatin da takwas ne a ƙasa, ashirin da shida jajaye.

Muntaka ya taɓa wanda aka dawo da shi, ya faɗi naman da za a samu, aka yanka, bai yi kuskure ba.

Ezeani ya ja shi gefe ya ce manya sun ji daɗi, suna so a ƙara bijimai shida bana, kuma za a rubuta sunansa a takarda a matsayin mai ba gonar shawara. Muntaka ya shiga murza hula. Yana son takardar ƙwarai, har ya ga inda zai rataye ta a zaure. Amma bijimai shida suna da yawa, kuma ludayi bai cika yin bayani ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ka ci tuwo yau?"

Ya kai shi bakin kara, ya durƙusa, ya gaida surukarsa, ya gaya wa tukunyar tuwon cewa ga malamin gona, kuma jajayen maruƙa ashirin da shida ne. Ezeani ya dubi tsohuwar, ya dubi Muntaka, ya cire hularsa ta kwano ya durƙusa shi ma.

Inna ta ajiye ludayi. "Ɗan nan, wa ke kiwon su?"

"Ma'aikata ne, Mama. Su bakwai."

"Suna ba su kanwa?"

Ezeani ya ce zai duba.

"Ba sa ba su ke nan," in ji ta. Ta rufe tukunya, ta ɗaura gyale, ta tambaya ko motar nan tana da wurin zaman mutum ɗaya.

Kwana huɗu ta yi a gonar gwamnati. Kwana huɗun nan ba tuwo a kara, mahauta suka koma cin garin rogo da ƙuli-ƙuli, kowa kuma ya san laifin wane ne. Gimba da kansa ya kira Muntaka ya ce masa nan gaba in zai yi gaskiya ya riƙa shawara da mutane.

Ran na biyar da la'asar Landiroba ta sauke ta a ƙofar gida, da ƙwaryar nono a cinya, wanda ta tatsa da hannunta. Direba ya ce ta sa an sake wa maruƙa wurin kwana, ta kori mutum ɗaya daga wajen tatsa don hannunsa na da sanyi, manajan gona kuma yana tambaya ko za ta dawo wata mai zuwa. Inna ta shiga gida ta zauna inda ta saba. Yaran suka kewaye ƙwaryar, don ba su taɓa ganin nonon da bai fito daga gwangwani ba. Ta raba musu a ludayi, ta rage kaɗan a ƙasa ta tura wa Ma'u ta kai wa mijinta.

Muntaka ya sha, ya yi godiya, ya tambaya yaya ta ga gonar.

"Shanun ba laifi," in ji Inna. "Ciyawar ce duk ruwa."