Ungozomar Barewa

"Sauke shi, Ɗan Azumi. Sauke shi ƙasa, ka bar shahwa shi!"

Muryar Baba Ishaku ce ta ƙetaro darnin da ya raba gidanmu da nasa. Mijina Ɗan Azumi yana tsaye a tsakar gida rungume da ɗan barewa, baki har kunne. Abin bai fi kyanwa girma ba, cibiyarsa ma ba ta bushe ba. A gindin sabara ya tsince shi, can bayan gonarmu.

"Uwatai ta yar da shi, Baba," in ji Ɗan Azumi. "Ran kasuwar Gidan Rumji ɗan takarar depite shina tahe. Shi zan kai ma."

Daminar da ta biyo bayan Taron Ƙasa ce, jam'iyyu sun fito kamar fara, kuma mijina na cikin waɗanda abin ya hau wa kai. Mutumin da bai taɓa sayo mini ɗankwali ba sai na yi ƙorafi, shi ne zai yi wa baƙo mai neman kujerar majalisa kyautar barewa.

Baba Ishaku ya zagayo yana dafa bango. Na tsorata da ganinsa, don tun farkon shuka ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ko fura ba ta zama a cikinsa. Tsohon maharbi ne, kuma shi da matarsa Inna Saratu su kaɗai ne Kirista a ƙauyenmu. Ran Lahadi mukan ji su suna waƙarsu su biyu, murya ba daɗi amma ba fashi.

"Ba ta yar da shi ba, ajiye shi tay yi," ya ce yana haki. "Barewa takan ɓoye ɗanta ta tahi kiwo, ta komo da marece. In ta iske wayam yau, ta iske wayam gobe, ta bar wurin ke nan. Kai kuma nonon akuya za ka ba shi, zawo ya kashe shi."

"To in kura ta riga ta hwa?"

"Wa ya tsare shi kahin ka zo? Kai?" Ya yi tari har ya durƙusa. "A littahinmu, Ubangiji da kansa ka tambayar mutum ko ya san sa'ad da barewa ka haihuwa. Ba ta da ungozoma sai Shi. Ɗaura jaki."

Inna Saratu ta fito tana laluben hanya, don yanar ido ta daɗe da rufe mata gani. Ta kama rigarsa tana kuka.

"Ka tahi daji da wanga jiki? In ka hwaɗi can, wa ka bar ma ni?"

"Wanda ya ajiye ki nan ya san inda ya ajiye ki, Saratu."

Na so in tsawata masa, amma na san Baba Ishaku. In ya kafe, gara ka roƙi dutse. Ɗan Azumi ya ɗaura amalanke yana gunaguni, na shimfiɗa tabarma muka kwantar da tsohon, na bar babbar ɗiyata wajen Inna Saratu.

Da muka isa bayan la'asar, Baba Ishaku ya sa na tsinko ganyen sabara. Ya murtsuke shi da damshin ƙasa, ya goge ɗan barewar tun daga hanci har wutsiya, don warin mutum ya fita. Bai bar ko bayan kunne ba. Ɗan Azumi ya nuna inda ciyawa ta kwanta, aka mayar da shi. Nan take ya lafe, ya miƙe wuya a ƙasa, ko motsi.

"Kun gani? Shi ya san ana zuwa," in ji Baba Ishaku. Ya rufe ido ya yi addu'arsa a hankali. Ban ji duka ba, na dai ji sunan Saratu.

Muka koma nesa, inda iska ba za ta kai warinmu ba, muka jira. Rana ta yi ja, uwa ba ta zo ba. Numfashin Baba Ishaku ya fara sarƙewa, na ce wallahi tafiya za mu yi ko ya so ko ya ƙi. Bai yi gardama ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

A hanya ya ce, "Bilkisu, ɗiyata, ba sai na gani ba."

Washegari da hantsi ya cika, kansa a cinyar matarsa. Fasto ya zo daga Maraɗi da mutanensa. Ɗan Azumi, da ko karyawa bai yi ba, shi ya fara sa magirbi a wurin kabarin, kuma ran kasuwa ko tashar mota bai leƙa ba. Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Da baƙi suka watse, Inna Saratu ta kira ni.

"Bilkisu, kai ni wurin. In banza ta kashe mani miji, in sani."

Na yi ta kawo uzuri, ta ce in ban kai ta ba za ta lalubi hanya da sanda. Na riƙe hannunta muka tafi, ina ta roƙon Allah a zuci kada mu tarar da ungulu.

Gindin sabarar babu kowa. Ba jini, ba gashi. An ɗan yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi, na duƙa ina dubawa.

"Mi kika gani? Kada ki yi mani ƙarya don tausai."

Na ja hannunta muka durƙusa, na ɗora yatsunta a kan rairayi. Ta shafa sawun kofato babba, mai tsaga a tsakiya. Ta matsa kaɗan ta sami wani a gefensa, ƙarami, wanda kan yatsarta ɗaya ya cika shi. Ta sake matsawa da gwiwa, ta sami na gaba, da na gabansa, duk sun nufi gabas.

Na tsaya riƙe da sandarta, tana ta bin su da hannu har cikin ciyawa.