Ɗacin Garahuni

Cokali na kusantar bakinsa Mahfuzu ya dantse haƙora ya kau da kai, madarar ta bi kumatunsa ta gangara cikin kunne. Lantana ta sa bakin zane ta goge, ta sake ɗebowa. Tun hantsi ake wannan kokawa, ga shi har rana ta take tsaka, amma madarar kofin ba ta ragu ba sai abin da katifa ta sha.

"Haba ɗan baba, buɗe. Ko guda, Mahfuzu, ko guda."

Yaron ko kuka bai yi ba, ƙarfin kukan ya ƙare tun a hanya. Bai cika shekara biyu ba, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya kwanta kamar gemun masara. Ɗan ƙarfin da ya rage masa kuwa duk ya tattara shi a muƙamuƙi.

Ɗakin yara masu tamowa na asibitin Bouza cike yake, gado na gogar gado, kowace uwa da kofinta da cokalinta. Wasu yaran har fizgar kofin suke. Lantana ta dube su ta ji wani abu mai kama da hassada, ta yi istigfari.

Madan Raihana, mai jinyar ɗakin, ta tsaya a kansu. Ta ɗaga kofin ta duba, ta latsa ƙafar yaron da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa.

"Bon. Lantana, ki saurare ni. Wagga madara ita ce maganinai, babu wani. In la'asar ta yi bai sha ko rabi ba, sai mu sa mai sondi."

"Madan, don Allah, ban da sondi."

"Sondi ba ya kisa, ƙanwata. Yunwa ka kisa. Kina gani yaro na ƙarewa gabanki."

Gaskiya Madan ta faɗa, amma gaskiyar ba ta sami wurin zama a zuciyar Lantana ba. Ta san sondi, ɗan siririn tiyon nan da ake zurawa ta hanci har ciki a riƙa ɗura madara. Da shi a hanci 'yarta Husaina ta cika, shekarun baya, a wannan ɗakin, a gadon da ke jikin taga. An gaya mata latti aka yi wajen kawo yarinyar, ta kuma yarda. Duk da haka in ta rufe ido ba lattin take gani ba, farin filasta take gani a kumatun Husaina.

Abin da ya fi ci mata rai, ta san inda wannan ƙiyayya ta samo asali. Mijinta Sulaiman ya dawo daga Abijan noman damina, aka yi girbi ya koma, ya bar ta da ƙaramin ciki. Surukarta Inna Fatsima, wadda idonta ba ya kuskuren irin wannan, ta kira ta bayan rumbu ta ce, "Nonon ciki dahi na. Yau za a yaye shi, ba gobe ba." Ba mugunta ba ce, haka aka yi wa Inna Fatsima, haka aka yi wa uwarta. Aka daka ganyen garahuni mai ɗaci, Lantana ta shafa a nononta da hannunta, ta zauna bakin ɗaki ta kira ɗanta da murmushi. Ya taho da gudunsa na 'yan koyo, ya faɗa jikinta ya kama.

Kallon da ya yi mata a ranar har yau bai bar ta ba. Tun daga nan duk abin da ya fito daga hannunta, kunu ne ko fura, sai ya rufe baki. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ya ɗan riƙa karɓa a hannun kakarsa, da zawo ya kama shi wannan ma ya daina. An gudu gara an faɗa gidan zago. Da kumburi ya hau ƙafa ne Lantana ta goya shi ta hau kabu-kabu daga ƙauyensu na wajen Tama, Inna Fatsima kuwa ciwon gwiwa ya hana ta rakiya.

Jiya da Madan ta ji labarin sai da ta riƙe baki. Ta ce nonon mai ciki ba ya cutar yaro, da an bar shi yana sha da ba a zo nan ba. Lantana ta jira ta fita, ta juya baya ta fitar da nono ta miƙa masa. Ya dubi nonon, ya dube ta, ya sa ɗan hannu ya ture. Ko da ya kama ma babu komai a ciki, ya riga ya ƙafe.

"Ke ɗiyata, miƙo min angon nan in gani."

Lalla ce, tsohuwar gadon kusa, mutuniyar Garhanga, wadda take jinyar jikarta. Bakinta ba ya hutawa, duk yaron da ke ɗakin ta aure shi ko ta yi kishi da shi. Jikarta ta shanye nata kason tuni, tana barci da kofi a hannu.

Lantana ta miƙa shi. Ai kuwa yana jin cinyar baƙuwa sai kukan da aka ɗauka ya ƙare ya dawo, wani siriri mai ban tausayi, yana miƙa hannu wajen uwarsa. Lalla ta yi rawa, ta yi waƙa, ta kurɓi madarar ta lashe baki, duk a banza. Ta ɗura masa cokali guda cikin kukan, ya ƙware ya dawo da shi ta hanci.

"Amshi mijinki, ni na hwasa auren," in ji Lalla. "Wanga wane irin namiji na? Ba ya son ki, ba ya son rabuwa da ke. Halin ubanai na?"

Matan kusa suka yi dariya. Lantana ta so ta taya su, bakinta ya ƙi.

Zafin bazara ya sauko daga kwanon rufi ya danne ɗakin. Ta gwada tsoma yatsa a madara ta shafa masa a leɓe, ya goge da bayan hannu. Ta gwada matse masa kumatu, yadda ake yi wa ɗan akuya in za a ba shi magani, ya sandare har idonsa ya juye, ta sake shi da sauri tana salati. Ta roƙe shi da sunan ubansa, da na kakansa Tsoho wanda ya yi masa huɗuba. Daga ƙarshe ta kifa goshinta a kan nasa ta ce a hankali, "Na tuba, Mahfuzu. Wallahi wagga ba ta da ɗaci." Yaro bai san tuba ba, ɗaci ya sani.

Da inuwar bishiyar bedi ta fara tsawo a tsakar asibitin, ta hango Madan Raihana ta ƙofar ɗakin magani tana jera kaya a faranti. Ta ga almakashi, ta ga filasta, ta ga tiyon a naɗe cikin leda. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta jawo ƙullin kayanta daga ƙarƙashin gado, ta sunkuya ta ɗora Mahfuzu a baya ta ja zane ta ɗaure. In mutuwa ce, ta same shi a ɗakin ubansa da hancinsa a sake. Ta san gudun nan ba tsira ba ne, amma ƙafafunta sun riga sun yanke hukunci.

Yana jin bayanta jikinsa ya saki. Ya kwantar da kumatu tsakanin kafaɗunta ya sauke ajiyar zuciya, irin wadda bai yi ba tun safe. Lantana ba ta lura ba, hankalinta na ga ƙofa. Lalla ce ta lura.

"Ina za ki, ɗiyata?"

"Bayi, Inna."

"Da ƙunshin kaya? To, Allah shi kiyaye hanya. Tsaya in gyara miki goyo, kan yaro ya karkace. Juya ki dubi bango."

Ba a yi wa babba gardama a bainar jama'a. Lantana ta juya tana jira tsohuwar ta gama ta wuce. Sai ta ji ƙarar cokali a jikin kofi.

"Assalamu alaikum, maigida," in ji Lalla a bayanta, murya ƙasa-ƙasa. "Na dawo biko. Ka hau dokinka ka yi zamanka, ni ko ga ni ƙasa da ɗan abin gaisuwa. Ba na uwarka ba na, nawa na. In ba ka so in kai ma wani."

Lantana ta kasa kunne. Can ta ji ɗan maƙogwaronsa ya motsa a jikin bayanta, sau ɗaya, kamar ƙadangare ya gyaɗa kai.

"Inna! Sha shikai?"

Ta waiwaya ba shiri. Idonsu na haɗuwa Mahfuzu ya rufe baki gam, madarar cokali na biyu ta zube a kafaɗarta.

"Kin gani ko?" Lalla ta daka mata tsawa, wasan ya bar muryarta. "Gabanki na ya ɓata mai, bayanki bai yi mai komi ba. Ba shi bayan! Kak ki sake waiwayowa!"

Lantana ta mai da fuska bango. Fenti ne shuɗi da ya fara ɓarewa, da wata tsaga da ta taso daga ƙasa. Ta kafe tsagar da ido. Lalla ta koma zolayarta, ta yi ta yi har aka jima, sannan maƙogwaron ya sake motsawa. Ya huta, ya sake. Wani cokalin yakan zube ta ji sanyinsa na bin gadon bayanta, wani kuma ya wuce.

Takalman Madan Raihana suka taho suka tsaya kusa. Lantana ta ji an ajiye faranti a kan gado, ƙarfe ya yi ƙara. Lalla ta ci gaba da lallashin angonta. Daga masallacin bakin asibiti aka kira la'asar.

"Ya kusa rabi," in ji Madan daga baya, a hankali kamar mai tsoron tashin tsuntsu. "Ku ci gaba. Sondin na nan, ban ɗauke ba, sai na ga kofi na gaba ya shiga. Iya, za ki iya ba shi kowane lokaci?"

"Mijina na, wa za ya ba shi in ba ni ba?"

"Ke kuma, Lantana, kin ji. In an kawo madara, goyo da bango."

Lantana ta amsa da kai. Wata da watanni tana roƙon Allah ya nuna mata ranar da ɗanta zai buɗe baki ya sha, ga ranar ta zo, kowa a ɗakin yana gani ban da ita. Hawaye ya zubo, ba ta share ba, don kada kafaɗarta ta motsa.

Sai a lokacin ta tuna ƙullin kayan na hannunta. Ta sassauta yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta bar shi ya zame ta jikin ƙafarta har ƙasa, ba tare da ta sunkuya ba.