Wanda Aka Tsinta a Juji

Shekara biyu bayan fara ta cinye gero, wani yayi ya shigo ƙauyenmu da ke gindin dutse kusa da Karofane. Mutum uku ne suka dawo daga soja da tsofaffin riguna da guntun bakin Nasara, shi ke nan kowa ya raina sunan kakansa, aka koma laƙaba wa yara muƙaman soja. Ɗan gidan Tanimu aka ce masa Sarsan. Na gidan Mahaman, Kafaran. Har wata jaririya aka laƙaba wa Madam, alhali uwarta zane ɗaya gare ta. Liman ya raɗa nasa sunan ya karɓi goronsa, gari kuma ya kira abin da ya ga dama.

Illa ma ya so a yi da shi. Matarsa Biba na da tsohon ciki, shi kuwa tuni ya zaɓi Kumandan. Abin da ya yi kamar ya manta shi ne Biba mai wabi ce. Huɗu ta haifa, huɗun suna bayan gari, babu wanda ya kai yaye.

Uwarsa Gogo ce ta tare shi a bakin rumbu.

"Kumandan? Kai Illa, mi ka damunka? Mutuwa ta san ƙohwar gidanga awa akuyarmu. So kaka yi ka yi mata shela ga babban mutum ya iso?"

"Inna, ɗiyan mutane duka..."

"Ɗiyan mutane ba su da ƴan'uwa huɗu cikin ƙasa."

Illa bai sake ɗaga maganar ba.

Da aka haihu, namiji, Gogo ta naɗe shi a tsumma ta kai shi juji, ta ajiye cikin toka da kashin awaki, ta juya baya. Wata tsohuwa Cima ta zo kamar mai wucewa ta ɗauka, ta shigo gida tana tambaya ko akwai mai son abin tsintuwa. Biba, da jini bai bar zubar mata ba, ta ce a ajiye can gefe. Ran suna liman ya raɗa Dauda a hankali, ba a gaya wa maroƙi ba. Abin da gari ya ji shi ne Ajuji.

Gogo ta kafa wa Biba doka. Kada ta yabe shi, kada sunan yanka ya fito daga bakinta. In baƙo ya tambaya, ba nata ba ne, don mutuwa takan zo da kamar mutum ta yi tambaya kafin ta ɗauka.

Biba ta riƙe dokar da hannu biyu. Furar da ta fi nono ita take dama masa, amma sai ta tura ƙwaryar da ƙafa ta ce, "Ungo, ɗan tsintuwa." In ya faɗi ya fasa gwiwa, sai ta kau da kai ta bar Cima ta lallashe shi, ita kuma ta shiga ɗaki ta ciji zane. Kuma yaro ya rayu. Ƙyanda ta zo ta tafi da Sarsan da Madam a mako guda, ta tsallake Ajuji. Aka ce lallai Gogo ta san abin da take yi, ta kuma mutu da wannan yabon. Ni dai na sha jin tausayin yaron, don ban taɓa ganin ya ruga wurin uwarsa ba.

Yana shekara takwas gardi biyu, dogaran Nasara, suka zo bisa dawaki da takarda, wai ƙauyen ya ba da yaro ɗaya a kai lakwal, makarantar Nasara. A lokacin wanda aka kai lakwal sai dai a ji labarinsa. Kafin su sauka an cusa yara cikin rumbuna. Mahaman ya sa rigarsa ta soja ya ƙame ya yi musu bakin Nasara, aka ƙyale Kafaran. Illa kuwa yana can wajen aikin hanya na tilas, wata biyu ke nan.

Biba ba ta ji komai ba, tana bakin rijiya, Ajuji na riƙe mata igiyar guga. Sai ga mai gari da wani mai jar hula, fuskar da ba ta taɓa gani ba. Ya nuna yaron da bulala.

"Ke, ɗan wa na wanga?"

Shekara takwas tana jiran baƙon da zai yi wannan tambayar. Bakinta ya riga zuciyarta.

"Ba nau ba na. Bisa juji anka tsince shi."

Gardin ya yi dariya. "Madalla, mun huta. Wanda ba shi da uwa ba shi da mai kuka."

Mai gari ya san gaskiya sarai. Ya sunkuyar da kai, don jikansa na cikin rumbu. Har yau ban yafe masa ba.

Ajuji bai yi gardama ba, bai ko dubi Biba ba. Maganar da yake ji tun yana goye ce, me zai duba? Ya ajiye igiyar a hankali don kada guga ya faɗa, ya miƙa hannu aka ɗora shi bayan doki.

Biba ta tsaya kamar an dasa ta. Sai da dawakin suka gangara kwari sannan ta gane wanda ya zo: ba mutuwa ba ce, gardin lakwal ne. Ta saki tulu ta ruga, kallabi ya faɗi, tsakuwa na yankan ƙafarta. A bakin gangaren ta tsaya, ta tattara abin da ya rage mata na numfashi.

"Dauda! Ɗana na! Dauda!"

Muryar ta kai, don gardin na baya ya waiwayo. Yaron bai waiwayo ba. Babu wanda ya taɓa gaya masa sunansa ne.